Mai Hancin Giwa a Gonar Auduga

A garin Ƙanƙara akwai wata yarinya 'yar aji uku. Ita ce ƙarama a gidansu, don haka kowa Auta yake ce mata.

A wancan zamanin arzikin man fetur ya shigo ƙasa. Ana ta shimfiɗa kwalta, ana gina sababbin azuzuwa. Kawun Auta, Alhaji Mamuda, yana da motar lodi. Wata rana ya dawo daga Kaduna da talabijin da ɗan injin wuta. Ya kafa eriya a kan dogon ƙarfe, har ta ɗara darbejiyar ƙofar gida.

Duk ranar Asabar da yamma, yaran unguwa sukan cika tsakar gidan Alhaji. Akwai shirin da suke jira. Labarin wasu mutane ne masu yawo a jirgi daga wannan tauraro zuwa wancan. Alhaji ya ce tun kafin a haifi Auta ake nuna shirin a ƙasar masu yin sa, kuma har yau bai ƙare ba.

Da Turanci ake magana a ciki, yaran kuwa ba sa ji sosai. Sai suka raɗa wa kowa suna. Matar da ke tuƙa jirgin ita ce Uwar Jirgi. Abokin tafiyarta Dogo Mai Fitila, saboda fitilar da ke goshinsa. Akwai kuma Kwaɗin Wata, masu taunar ƙarfe kamar gyaɗa.

Amma waɗanda suka fi ban tsoro su ne Masu Hancin Giwa. Idanunsu na gilashi ne, hancinsu dogo, ga tozo a baya. In suka fesa hayaƙi, sai mutum ya faɗi yana barci. Da zarar sun fito, ƙananan yara sai su ɓuya bayan turmi. Auta kuwa miƙewa take yi.

"Uwar Jirgi, waiwaya! Ga shi nan bayanki!"

"Ke Auta, zauna, kin tare mana!" in ji ƙawarta Mairo.

Wata Asabar Uwar Jirgi ta gano lagonsu. Ta damƙi laka ta watsa wa ɗaya a ido. Ya daina gani, ya yi tangaɗi, ya faɗi rim. Tsakar gida ta kaure da ihu da tafi. Auta ta yi ta tsalle har kallabinta ya faɗi.

Washegari ba makaranta. Inna ta miƙa wa Auta ƙwaryar fura.

"Kai wa babanku, yana gonar auduga. Kada ki tsaya wasa a hanya."

Gonar tana kan hanyar ƙauyen Mabai. An yi ruwa, ƙasa duk ta jiƙe. Auta na tafe tana kwaikwayon tafiyar Dogo Mai Fitila. Da ta isa bakin gona, ba ta ga Baba ba. Sai ta ji wani sauti, fuuu, fuuu.

Ta leƙa tsakanin kunyoyi.

Ga wani abu can yana tafiya a hankali. Idanunsa na gilashi. Hancinsa baƙi, ya zaro gaba. Ga tozo a bayansa. Yana riƙe da sanda, farin hayaƙi na fita daga bakinta.

Auta ta dire ƙwarya ta zuba da gudu. Ta iske Mairo da wanta Audi da wasu yara suna kiwon awaki a bakin hanya.

"Sun sauko! Masu Hancin Giwa sun sauko gonarmu!"

"Ke, ƙarya kike!" in ji Audi.

"Wallahi da idona na gani! Baba ma ba ya nan, ƙila ya sa shi barci!"

Mairo ta ce, "Mu je mu faɗa wa manya."

"Kafin manya su zo ya gama da garin nan. Ai mun san lagonsa. Kowa shi ɗebi laka!"

Yara suka cika hannuwa da laka. Suka bi ta cikin dawar maƙwabta, suna sanɗa. Auta ce a gaba. Ji take yau ita ce Uwar Jirgi. Da suka matso, ta ɗaga hannu.

"A ido! Ku jefa a ido!"

Laka ta yi ta sauka kamar ruwan sama. Ta Auta ce ta sami gilashin, ɗaf! Abin ya ja da baya yana lalube. Ƙafarsa ta zame, ya faɗa cikin kwari. Tozon ya bugi dutse, wani farin ruwa ya fara tsiyaya.

Yara suka sa ihu, suka ruga su kama shi. Sai abin ya daka musu tsawa.

"Kai, ku tsaya nan! Kada wanda ya matso! Maganin nan guba ne!"

Kowa ya ƙame. Mairo ta raɗa wa Auta, "Ke, Hausa fa yake yi."

Abin ya sa hannu ya cire fuskarsa. Ashe takunkumi ne na roba. Ga wani bawan Allah mai ɗan gemu, gumi na zuba, yana riƙe da idon sawunsa.

Daidai nan Baba ya iso da garwar ruwa daga rafi. Ya ajiye ta da sauri.

"Subhanallahi! Malam Rabo, mi ya faru?"

Malam Rabo malamin gona ne. Shi ke zagaya ƙauyuka yana yi wa auduga feshin maganin tsutsa. Tozon nan tankin magani ne. Baba ya daɗe yana jiran layi ya zo kansa, ga tsutsa ta fara cin gonar. Yanzu tanki ya fashe, ƙafar Malam Rabo ta gurɗe.

Baba ya dubi hannuwan yara, duk laka.

"Wa ya kawo wannan shawara?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Ni ce, Baba. Na zaci Mai Hancin Giwa ne."

Baba ya sunkuya. Ya rufe maganin da ya zube da ƙasa. Ya ɗora Malam Rabo a keke, ya tura shi har asibiti.

Da yamma Baba ya kira ta, Inna na zaune.

"Da kika ga abin, kin tabbatar ko mene ne?"

"A'a, Baba."

"Kin tambayi wani babba?"

"Mairo ta ce mu tambaya, na ƙi."

"To, kin ji wa baƙo ciwo. Da kun taɓa maganin nan, da yanzu wata magana ake yi. Ba mu kaɗai ba, manoman Mabai ma jiransa suke. Ba ke ba kallo, sai Malam Rabo ya taka da ƙafarsa."

Tunda feshi ya tsaya, kullum bayan an tashi makaranta, Auta da yayyenta sukan tafi gona. Da hannu suke tsince tsutsa, suna zubawa a gwangwani. Baya ya yi ciwo, yatsu suka yi kore. Ranar Asabar tana jiyo ihun yara daga gidan Kawu, tana zaune tana hawaye.

Inna ta dafa dambu, ta raka ta masaukin Malam Rabo. Auta ta durƙusa.

"Malam, don Allah ka yafe mani."

"Na yafe, ɗiyata. Amma gaya mani, wane ne wannan Mai Hancin Giwa da na yi kama da shi?"

Auta ta fara ba shi labari a hankali. Can ta manta da kunya, ta miƙe tana nuna yadda suke tafiya. Malam Rabo ya yi ta dariya har yana riƙe ciki.

"Lalle ba ki yi ƙarya ba, akwai kama! To, bari in faɗa maki wani abu. Su ma na cikin akwatin talabijin mutane ne irina. Kaya suke sawa a ɗauke su hoto. In an gama, su tuɓe su tafi gida su ci tuwo."

Auta ta zaro ido. "Har Kwaɗin Wata?"

"Har su. Ƙarfen da suke ci ma, wa ya sani ko alewa ce?"

Da ƙafar ta warke, aka ba Malam Rabo sabon tanki. Gonar Baba ya fara yi wa feshi, sannan ya wuce Mabai. Tsintar da su Auta suka yi ta taimaka ƙwarai. Auduga ta tsira, ta fashe fari fat.

Baba ya ce ta koma kallo. Auta ta yi tsalle, ta ruga ta kira Mairo.

"Mairo, ke kika yi gaskiya rannan. Da na ji maganarki, da ba a yi haka ba."

Daga ranar Auta ta riƙe darasinta. Abin da ake nunawa a talabijin wasa ne, ba a ɗauko shi a yi wa mutane. In kuma ka ga abin da ba ka gane ba, kada ka yi gaggawar yaɗawa ko ɗaukar mataki. Ka tsaya ka tabbatar, ka tambayi manya.