Ƙofar da Ukasha Bai Rufe Ba

Magariba ta kawo jiki a unguwar Abbasiya, can ƙasar waje. Sabuwa ta bi tagogi tana rufewa da bismillah, kamar yadda ta saba tun a Gumel. Mijinta Ukasha ya tashi daga gaban kwamfuta ya tafi masallaci. 'Yarsu Rukayya, mai shekara bakwai, tana kan tabarma tana kallon jan lallen da ke tafin hannunta.

Sai ga tsakuwa, ƙwas, a tsakiyar falo. A hawa na huɗu fa, ko'ina a rufe!

Ukasha ɗalibi ne, amma yana taɓa sana'ar rubuta manhaja, irin hoton nan mai motsi da ke rufe fuskar kwamfuta in ta yi minti biyar ba a taɓa ta ba. Na baya-bayan nan da ya yi, tsohuwar ƙofar wani kango ce da ya ɗauki hotonta a bayan kasuwar Ataba. Ya sa tana buɗewa a hankali, duhu a bayanta. Bawan Allah har kiran matarsa yake ta zo ta ga gwaninta.

Kwana uku ana jifa. A rana ta huɗu Rukayya ta daina magana, ta daina cin abinci. Sabuwa ta yi kuka har muryarta ta dishe, Ukasha kuwa tsoro ya hana shi haɗa ido da 'yarsa.

Ya ɗauko Malam Mu'tasim, wani dattijo Bahaushen Sudan. Malam ya zauna ya kama karatu, rana tana faɗuwa. Can yarinyar ta ɗago kai, muryar tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Ni ban fasa gida ba. Buɗe mini aka yi."

"Ƙarya kike," in ji Malam. "Matar gidan nan ba ta barin ƙofa a buɗe."

"Ta rufe tata. Tasa fa?"

Ɗan yatsan Rukayya ya nuna kwamfutar. Sai Ukasha ya tuna. Umarnin buɗewa ya rubuta, bai taɓa rubuta na rufewa ba. Kullum ya fita salla, bayan minti biyar ƙofar ta wangale, daidai magariba.

"Yarinyar ta shiga raina," in ji muryar. "Ku bar mini ita."

"Ko gashinta ɗaya ba za ki samu ba," in ji Malam.

"Ba na komawa hannu rabbana."

Malam ya ce, "Halas, shi ke nan. Ɗauki abin da ba jini ba, ba tsoka ba, ki bi ta inda kika zo. Yalla, maza Ukasha, rufe ƙofarka."

Ukasha ya ƙara layi uku na umarnin rufewa, ya yi bismillah, ya janye. Dole a jira minti biyar, kar kowa ya taɓa komai. Ƙofar ta bayyana, ta buɗe, ta tsaya. Sannan ta koma a hankali ta rufe.

Rukayya ta sulale a jikin uwarta. "Umma, ruwa," ta ce, da muryarta ta kullum.

Sabuwa ta miƙa mata kofi tana hamdala, sai ta tsaya cak. Tafin hannun yarinyar fari tas, babu ko ɗigon lalle. Ukasha ya waiwaya ya dubi kwamfutar. A jikin ƙofar, ƙasa-ƙasa, daidai tsayin Rukayya, ga shatin ɗan ƙaramin hannu, ja wur.