Jakin Ruwan Unguwar Makafi

Ana saukowa daga Juma'a, Illo Bebe ya koma gindin tsamiyar da yake ɗaure jaki, ya tarar da turke da igiya, babu jaki. Kukan da ya ƙwala, in ma kuka za a ce da shi, sai da ya fito da matan Unguwar Makafi ƙofar gida.

Farin jakin nan ba na kowa ba ne. Wani attajiri ne ya yi wakafinsa kafin ya rasu, ya ce a riƙa ɗebo ruwa da shi daga gulbi ana kai wa makafi da guragu da tsofaffin da ba su da mai hawo musu tudun Sakkwato da tulu. Sarkin Makafi Malami ke riƙe da amanar, Illo ke kora. Kuma bazara ce, gidan da ya wuni ba ruwa ya shiga uku.

Kafin la'asar magana ta je gaban alƙali, har an sami mai cewa ya ga Bebe da jakin a kasuwar dabbobi ranar Alhamis. Alƙali ya ce in ta tabbata ya sayar da amana, zai sha bulala a bainar jama'a, a kuma raba shi da aikin. Ga mutum ba bakin kare kai! Sai aka miƙa binciken ga Hayatu, dogarin da alƙali ke aikawa in zance ya cuɗe, mutum mai sanyin tafiya da yawan kallo.

Ya fara da Illo. Yayarsa Hajjo, wadda ta iya maganar hannu, ita ke fassara.

"Mi yak kai shi kasuwa?"

Illo ya nuna tafin ƙafa, ya yamutse fuska.

"Wai ƙaya tas soki jakin ga kofato," in ji Hajjo, "yak kai ma Mode dillali shi cire."

Hayatu ya je ya tambayi Mode ko ya sayi jakin, Mode na ji ya daki ƙirji. "Ni in sayi jakin wakafi? In kai shi ina, lahira? Ƙaya nic cire mai, sunka tahi. Kuma wallahi ko kyauta ba ni son dabbar ga. Na yi mai tsawa har muryata ta dishe, ko gezau. Sai da Beben yad dahwa mai wuya kana yad ɗaga ƙahwa."

Hayatu ya yi dariya ya wuce. Ya bi ƙofofin gari yana tambayar masu tsaro. Ba ayarin da ya fita, ba baƙon da ya ja dabba. Jakan masu sayar da ruwa kawai suka gangara gulbi suka dawo, kamar kullum.

Washegari da hantsi ya sami inuwa a bakin gulbi ya zauna, kai ka ce hutu ya zo yi. Masu ruwa na cika salkuna, kowa ya daka wa jakansa tsawa sai su kama hanya. Ban da wani baƙin jaki cikin na Tambari, mai kai ruwa gidajen attajirai. Tambari ya yi ihu, ya yi zagi, ya kai sanda, dabbar na tsaye tana kallon tudu.

"Sabo na?" in ji Hayatu.

"Wurno nis sawo shi. An cuce ni, kurma na."

Hayatu ya zaga bayan jakin ya tafa hannu sau ɗaya. Kunnuwan suka juyo nan take.

"Shina ji sarai, Tambari. Taho mu gai da alƙali."

A zauren alƙali Hayatu ya durƙusa ya warware zancen. "Allah shi gafarta Malam, jakin bai bar gari ba, kuma ba inda jakin ruwa ka ɓoyuwa sai cikin jakan ruwa. Kowane jaki da tsawa anka horad da shi, ban da wanda bebe yar rena. Wanga bai san ana ba da umurni da baki ba, hannu yas sani. Baƙin jikinai kuwa shuni na da toka."

Tambari ya rantse ya kuma rantsewa. Ya ce fararen jakai sun cika gari, ko an wanke ya fito fari me aka tabbatar? Bebe kuwa ai kowace dabba tana binsa.

"To, kada kowa shi taɓa shi," in ji Hayatu. "A ɗora mai ruwa, a sake shi ga Ƙofar Kware, a riƙe Illo baya."

Alƙali ya ɗauki sandarsa ya ce shi ma sai ya gani da idonsa.

Jama'a, abin da aka gani ran nan! Jakin ya ɗan tsaya yana shinshina iska, sai ya kama hawa shi kaɗai, salkuna na ɗiga, alƙali da mutanen gari na biye da shi kamar mai jan salla. Ya ratsa kasuwa bai kalli dusar kowa ba. Ya karya kwana ya tsaya cak a ƙofar wani makahon malami, ya ƙi motsi sai da aka tsiyaya ruwa a randa. Daga nan sai gidan wani gurgu mai saƙar tabarma, sai na wata bazawara mai marayu. Sarkin Makafi na tafe yana tambaya, "Ina yat tsaya?" Ana faɗa masa sai ya ce, "Namu na." Surutu ya mutu, ba ka jin komai sai kofato da kabbara ƙasa-ƙasa.

A gida na ƙarshe alƙali ya juyo ya ce Illo ya kuɓuta. Hajjo ta faɗa masa da hannu, tana hawaye.

Amma jakin bai gama ba. Ya sake ɗagawa, ya kutsa wani matsattsen lungu, ya tsaya a ƙofar wata bukka mai ruɓaɓɓen zana.

"Wanga gida ba shi cikin namu," in ji Sarkin Makafi da aka kwatanta masa.

Hayatu ya waiga, yana zaton Tambari ya samu abin kamawa. Sai ya ga mutumin ya ƙura wa bukkar ido.

Illo ya sunkuyar da kai, hannuwansa suka yi magana a hankali. Hajjo ta ce, "Wai wata tsohuwa ta, ƙahwahunta sun shanye. Ta hana a kai sunanta ga Sarkin Makafi, ta ce tana da ɗa cikin gari, ba ta so a zage shi. Ruwan da a ka bar ma Illo na shan kainai, shi ya ka kawo mata."

Zanan ya motsa. Wata tsohuwa ta fito tana jan jiki, leɓenta duk ya tsage don ƙishi, tana tura busasshen tulu a gabanta. Ta dubi jakin, ta dubi taron, ba ta gane komai ba. Sai idonta ya sauka kan Tambari, fuskarta ta washe gaba ɗaya.

"Tambari? Ɗana! Yau kai na kak kawo min ruwa?"

Hayatu ya dubi alƙali, alƙali ya kau da kai yana gyara rawani. Sai Illo ya matso ya kwance salka, ya ɗora ta a hannun Tambari, ya nuna masa bakin tulun.

Tambari ya durƙusa yana zubawa, rabin ruwan na tsiyaya ƙasa. Tsohuwar ta dafa kansa tana sa masa albarka, ta ce ya yi a hankali, ruwan nan daga nesa ake kawo shi.