Ɗakin da Aka Ce A Bar Shi

Rana ta yi ja, ana rufe tagogi saboda sauro, sai dutse na farko ya faɗo a kan rufin gidan Injiniya. Ba wani injiniya ba ne fa, 'yan layi ne suka laƙaba masa don kullum suna ganinsa rataye da jakar kwamfuta. Ya ɗago kai daga teburinsa ya ce yara ne. Na biyun kuwa a tsakiyar falo ya dira, alhali silin lafiya lau, ko tsaga babu. Matarsa ta kai hannu ta ɗauka, ta yar da shi da salati. Zafi gare shi kamar yanzu aka zaro shi daga wuta.

A kwanakin nan ya gama wani aiki. Kamfanin kayan gini ne ya ɗauke shi ya kwashe bayanansu daga tsohon tsari zuwa sabon rumbun bayanai. Akwai manhajar da ke haɗa biyun. A hagu guraben tsoho, a dama na sabo, shi kuwa nasa jan layi ne: sunan kaya ya tafi gurbin sunan kaya, lambar ɗakin ajiya ta tafi nata. Abin da bai dace da ko'ina ba, manhajar takan tsaya ta tambaya, mutum ya zaɓa ya danna. Aiki ya yi kyau, har manaja ya kira ya yaba.

Daga ranar dutsen nan kayan gidan suka fara ƙaura. Takalma a cikin firji, cokula a aljihun rigunansa, gishiri a kwalbar turare. Ba a watse ba, a jere tsaf, wanda hakan ne ma ya fi tayar da hankali.

"Ɓarawo ai ɗauka yake yi," in ji matar. "Wannan shirya mana gida yake yi."

'Ya ɗaya Allah ya ba su. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa ba ya kiranta sai Uwata. Yarinya ce mai surutu, ita ke tarbarsa a ƙofa ta ƙwace jaka. Wata magariba ya same ta a kan kujerarsa, kwamfuta a kashe, tana jan yatsa a kan baƙin gilashin daga hagu zuwa dama, a hankali, ba ta ko ƙifta ido.

"Uwata, taso mana."

Ta juyo. Muryar da ta fito ta tsoho ce, a dushe.

"Ina ka kai ni?"

An je asibiti, an yi gwaje-gwaje, likita ya ce bai ga komai ba. Yarinya ta daina ci, ta rame har wuyanta ya fito. Tsoro ya kama Injiniya irin wanda bai taɓa sani ba, don a kan idonsa take ƙarewa. Yayan matarsa ne ya kawo wani malami, dattijo siriri mai tabarau, wanda ba ya ɗaga murya. Ya zauna gaban yarinyar da faɗuwar rana ya fara karatu. Gidan ya yi tsit, ko firjin ya daina ƙugi. Can yarinyar ta miƙe zaune, kanta a sunkuye.

"Wane ne kai, me yarinya ta yi maka?" in ji malam.

"Ita ba ta yi ba. Ubanta ne." Yatsanta ya nuna Injiniya. "Ɗaki na ƙarshe a siton kamfanin, nan muke tun kafin a yi masa rufi. Tsohon mai sito ya san da mu. Ya sa kwaɗo, ya rubuta a bayanan kamfanin, a jikin lambar ɗakin: a bar shi. Kowa ya zo ya gani ya bari. Sai wannan."

Nan take Injiniya ya tuna. Sabon rumbun abu biyu kawai ya sani, ɗaki a cike ko ɗaki fanko. Manhajar ta tsaya a kan kalmomin nan, ta tambaye shi ina za su. Ya gaji, shayinsa na hucewa, ya danna fanko.

"Washegari na'urarku ta tura motar siminti," muryar ta ci gaba. "Leburori suka fasa kwaɗon. 'Yata na barci a ciki. Buhu kan buhu har rufi."

Matar ta toshe baki da mayafi. Malam ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri. Amma bai sani ba."

"Bai tambaya ba."

"Za a kwashe simintin, a mayar maka da ɗakinka."

"Wallahi zan sa a kwashe, ko da a bakin aikina," in ji Injiniya.

"In koma in zauna da wa? 'Ya aka ɗauke mini, 'ya zan ɗauka."

"Wannan kam zalunci ne, ba ka isa ba," in ji malam, ya koma karatu, yanzu da ƙarfi. Jikin yarinyar ya sandare, ƙara ta cika ɗakin, tagogi suka yi ta kaɗawa ba iska. Aka daɗe a haka kafin muryar ta dawo, a galabaice.

"Tsaya, ka ƙona ni! Zan fita, na rantse ba zan dawo ba. Amma ba hannu wofi ba. Abu ɗaya zan tafi da shi. Ba ranta ba, ba idonta ba, ba hankalinta ba."

"Mene ne shi? Faɗe shi tukuna," in ji malam.

Injiniya bai jira ba. Ya durƙusa, hawaye na zuba. "Ko mene ne, in dai nawa ne, ɗauka, ka sakar mini ita!"

"Kada ka..." in ji malam, amma magana ta riga ta fita.

"Ka ji shi," muryar ta ce, har da 'yar dariya. "Yanzu ma bai tambaya ba."

Yarinyar ta yi atishawa, ɗan yatsan ƙafarta ya girgiza, ta sulale a jikin uwarta. Firji ya ci gaba da ƙugi. Malam ya cire tabarau yana gogewa, bai kalli kowa ba.

Da ta buɗe ido, idanunta ne nata. Ta ce, "Mama." Ta ga yayan uwarta ta ce, "Kawu, yaushe ka zo?" Ta ce ƙishi take ji. Injiniya ya ruga kicin yana hamdala, ya dawo da kofin ruwa.

"Ungo, Uwata, sha."

Yarinyar ta dube shi sama da ƙasa, cikin ladabi, yadda aka koya mata. Sannan ta matsa ta ɓuya a bayan uwarta, ta ja mayafinta ta yi raɗa, raɗar da kowa ya ji.

"Mama, baƙon nan wane ne?"