Zaren da Ya Ƙi Gudu

Ku rage surutu. Ke Barira, tunda gobe za ki fara aiki a ɗakin gwaje-gwaje, matso kusa.

Na yi wankin kwalabe a irin wurin nan. Akwai wani ɗalibi, Tukur, mai gaggawa. Aikinsa ya gano ko wani sinadari da ake kira furotin na kama zaren gadon halitta. Yakan dafa wani abu kamar koko, ya zuba a faranti ya daskare, ya ɗiga zaren a 'yan ramuka, ya kunna lantarki. Zaren da ba a kama ba, gudu yake zuwa ƙarshen faranti. Wanda furotin ya kama, nauyi yake yi, ya tsaya baya.

Wata magariba ya watsar da ragowar kokon a kwatar bayan ɗaki. Da zafinsa. Ba bismilla.

Washegari, a ramin da bai sa wa furotin ba, zaren ya tsaya baya. Ya sake. Haka dai. Ga ranar kai aiki gaban malamai ta ƙarato.

Ya ce, "Baba, wani abu na riƙe da shi."

Na ce, "To, bar shi."

Bai bari ba. Ya ɗauki faranti ya shiga ɗakin duhu, inda suke haska shi su duba. Shi kaɗai.

Ina bakin ƙofa. Sai na ji mace. Ba macen da ta wuce ni. Muryar daga ƙasa take fitowa, wajen magudanar ruwa.

"Malam Tukur, ka ga abin da ya riƙe shi?"

Tukur ya ce, "Hajiya, wace ce?"

"Ɗana ne. Ka ƙona masa baya, ba ya iya tafiya. Dole ya kama wani abu."

Na ƙara kasa kunne.

"Zaren ya yi masa siriri," in ji ta. "Ƙafarka fa?"

Na banka ƙofa ina Ayatul Kursiyyu. Ba kowa sai Tukur, a tsaye, ƙafar hagu ta ƙi ɗaguwa daga siminti. Na rungume shi na ja. Nauyin ba na mutum ɗaya ba ne. Da ƙyar muka fito. Takalminsa ya rage a ciki, ba wanda ya koma ɗaukowa.

Ya bar karatun. An sha rubutu, an yi turare.

Me kika ce, Barira? Ko ya warke? Yana tafiya dai. Ke dai kada ki shiga ɗakin duhu ke kaɗai, ko da rana tsaka.

Bara na gan shi a tasha, yana jan ƙafar. Da zai zauna a benci, sai da ya matsa gefe, ya bar wurin zaman yaro, alhali ba kowa tare da shi.