Jan Ɗigo a Gonar Kamilu

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa lokacin da wayar Habibullah ta yi ƙara a aljihu. Ya san saƙon tun kafin ya duba.

Shi ne wakilin ƙauyensu, can gabas da Zakirai, a wata ƙungiya mai sa ido kan gobarar gonaki. Ƙungiyar tana aiki da wasu ƙananan taurarin ɗan'adam, kowanne bai fi akwati ba, masu kyamarar da zafi kawai take gani. Duk inda suka hango zafin da ya wuce kima, sai jan ɗigo ya fito a taswirar wayarsa, shi kuma ya tara mutane da bokitai. Da kakar bara, haka aka ceci dammunan gero masu yawa.

Wannan ɗigon kuwa ya gaji da shi. Kullum gab da magariba yake fitowa, kullum a gonar yayansa Kamilu, wadda ke bakin busasshiyar ƙorama. Ya je da rana ya duba, bai ga komai ba sai baƙin kututturen tsamiyar da Kamilu ya sare ya cinna wa wuta kafin damina, wai tana cinye masa wuri. Ya sanar da ƙungiyar cewa kuskuren na'ura ne.

Yana mayar da wayar sai ga Kamilu a zaure. Ya rame, idanunsa sun faɗa.

"Habibu, ya sake fitowa?"

"Ya fito, Yaya. Babu komai a wurin."

"Dammunana suna can. Ka taimaka ka duba yanzu, zazzaɓi ne ya hana ni." Ya miƙa masa makullin mashin. "Kai kaɗai ka isa, kada ka tayar wa mutane hankali."

Tun rasuwar mahaifinsu Kamilu ne ya riƙe shi, shi ya kai shi makaranta. Habibullah bai taɓa ce masa a'a ba. Ya karɓi makullin.

Hanyar ta bi ta tsakanin gonakin da aka girbe, kara a jingine ko'ina. Ya wuce masu komawa gida da awaki, suka gaisa. Daga nan hanya ta zama tasa shi kaɗai.

A bakin gonar ya kashe mashin. Babu hayaƙi. Dammunan suna nan lafiya lau.

Amma akwai wari. Irin ƙaurin tukunyar da aka manta a murhu babu ruwa a ciki.

Ya nufi kututturen. Gyare ba ya kuka. Ko ganye ba ya motsi. Ƙasa ta fara ɗumi a ƙarƙashin takalminsa, tana ƙaruwa da kowane taku.

Wayar ta sake ƙara. Wani tauraron ne ya wuce ta sama.

Ɗigon ya bar kan kututturen. Ya zama ɗigogi da yawa, sun yi da'ira. A tsakiyarsu akwai ɗan fili, daidai inda yake tsaye.

Ya ɗaga kai. Babu kowa.

Wani huci ya sauka a ƙeyarsa, kamar an buɗe bakin tanderu.

"Kai ne Habibullah?"

Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa, dab da kunnensa.

"Ni ne."

"A cikin bishiyar nan muke. Da ƙaramin ɗana a ciki ranar da aka sa wutar."

Gumi ya jiƙe masa riga.

"Mun je wa yayanka. Ya rantse ba shi ba ne. Ya ce ƙanensa ne, mai duba wuta. Ya ce zai turo ka da magariba, kai kaɗai."

Abin da Habibullah ya ji a ƙirjinsa ya fi tsoro ciwo.

"Wallahi ban sa ba."

Aka damƙi wuyan hannunsa.

Bai ga yatsu ba, amma ya ji su. Ya ji ƙaurin fatarsa.

Aka ɗaga hannun sama. Wani abu ya shinshina tafin, a hankali, ya sake shinshinawa.

Ya fara Ayatul Kursiyyu, tana kakkatsewa a bakinsa.

"Babu hayaƙi a hannunsa," wata muryar ta ce daga gefe.

Riƙon bai sassauta ba.

Can nesa ladanin ƙauye ya ɗaga murya. Yatsun suka ɗan saki. Habibullah ya fizge, ya zuba da gudu. Ya bar mashin, ya bar takalmi ɗaya, kara na yankar ƙafafunsa, hucin na bin bayansa har bakin ƙoramar. A nan hucin ya tsaya cak, kamar an rufe ƙofa.

Ya iso gida an idar da salla. Kamilu na tsugune a ƙofar zaure, shi kaɗai, yana kallon hanya. Da ya ga ƙanensa sai ya miƙe zumbur. Bai tambayi lafiyarsa ba, bai dubi hannun da ya yi bororo ba.

"Sun sake ka?" ya ce.

Habibullah ya dube shi. Sannan ya raɓa ta gefensa ya shige.

Washegari da magariba ɗigon bai fito a gona ba. A kan gidansu ya fito, daidai ɗakin Kamilu. Habibullah ya kira maƙwabta kamar yadda aikinsa ya tanada, suka zo da bokitai, suka tarar babu wuta. Kamilu kawai suka gani a tsakar ɗaki, ya tuɓe riga, yana roƙon ruwa.

Har yanzu haka yake. An yi ruƙiyya, an kai shi asibiti, zafin bai sauka ba. Innarsu ta sha tambayar Habibullah me ya shiga tsakaninsu, da kuma asalin tabon da ya zagaye hannunsa. Yakan ce mata ƙuna ce ta wurin aiki.

Kowace yamma yakan cika tulu ya ajiye a bakin ƙofar Kamilu. Daga ciki yakan ji muryar a dushe: "Habibu, ƙanena, shigo mu yi magana."

Sai ya gyara wa tulun zama, ya juya.