Lauyan Shaho da Uwar Tsaki

Ranar da Tahira ta fara ganin Zaharaddini, murfin tukunya ne a hannunta tana buga shi da ludayi. Wani ɗan ƙaramin shaho ne ya sure mata ɗan tsako na uku a mako guda, ya nufi kurmin bayan gidansu, ita kuma ta biyo shi a fusace.

Kurmin ba wani babba ba ne, tsamiya ce da ɗorawa da mangwaro a tsakiyar gonakin gefen Tofa. A nan ta tarar da wani saurayi ya kafa madubin hangen nesa a ido.

"A hankali don Allah, ƙanwata. Za ki kore shi."

"Ai korar tasa na fito yi."

"Ni kuwa shi na zo gani, tun daga Rijiyar Zaki."

Ta dube shi sama da ƙasa. Mutum ya hau babur takanas don kallon ɓarawon kaji? Anya lafiyarsa ƙalau?

Ya ce ɗalibin jami'a ne, bincike yake yi a kan tsuntsaye. Ya ba ta shawara ta rina 'yan tsakinta da jan kala, wai shaho ba zai gane su ba. Ya kuma rubuta mata lambarsa, ya karɓi tata, don ta riƙa sanar da shi lokacin da tsuntsun ke zuwa.

"Ina labarin mutumina, Uwar Tsaki?" ya turo bayan kwana biyu.

"Ɓarawonka dai, Lauyan Shaho. Ya zo da hantsi, ya ga jajaye ya juya."

Daga nan fa Tahira ta shiga ruɗani. Tsamiyar da shahon ya yi sheƙa a kanta jikin katangarsu take, kuma kullum da safe Zaharaddini wajen yake saita madubinsa. To ita yake kallo, ko tsuntsu? Saƙonninsa duk na shaho ne, amma ba ya tsallake rana. Sai ga Tahira tana zizara kwalli, tana yafa mayafin unguwa don zuba wa kaji tsaba.

"Biki ake yi a akurkin ne?" mahaifiyarta, Inna Furera, ta tambaye ta.

Hashimu, ɗan yayar Inna da ya daɗe yana son Tahira, shi ya kai wa mahaifinta, Malam Abdussalam, labari: wani baƙo yana leƙen matan gidansa da na'ura.

"Yaron nan kike wa saƙo?" Malam ya tambayi 'yarsa.

"Baba, tsuntsu yake…" Ita ma dai ba ta da tabbas.

"Mai leƙen gidan mutane ba zai taka zaurena ba."

Washegari yana tashi daga karatun safe ya nufi kurmin. Tahira ta zauna gindin turmi. Son Zaharaddini take yi, yanzu kam ta sani. Amma in ita yake kallo, Baba ya raba su ke nan. In ba ita ba ce, to me ya rage?

Sai da rana ta ɗaga Malam ya dawo, yana murmushi.

"Karɓar madubin na yi na duba da kaina. Da fari a juye na riƙe shi, na ga gidana ya koma kamar akwatin ashana. Da yaron ya gyara mini, wallahi ba a ganin komai sai katanga da kan tsamiya. Furera, kin ga yadda tsuntsun nan ke yaga ƙadangare yana ba 'ya'yansa a baki? Subhanallahi!"

Inna ta yi hamdala. Tahira kuwa ɗaki ta shige ta sha kukanta. Wata guda tana yi wa katanga kwalliya!

"Ashe ba ni kake kallo ba," ta rubuta masa.

Amsa ba ta jima ba.

"Ban taɓa leƙa gidan Malam ba, ba kuma zan leƙa ba. Amma mako uku ke nan da na miƙa bincikena a makaranta. Muryarki nake zuwa ji in kina kiran 'yan tsaki. Madubin kuwa don kada a tambaye ni me nake yi a tsaye ne. Uwar Tsaki, in turo magabatana?"

Sau huɗu ta karanta. Ta goge ido da gefen mayafin nan na unguwa.

"Turo su, Lauya."

Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam. Ya sa musu albarka, ya roƙa musu zuri'a ta gari, sannan ya kafa doka cewa kada wanda ya kuskura ya taɓa tsamiyar nan.

Da suka zo gaisuwa bayan biki, Zaharaddini ya kai amaryarsa inda ya saba tsayawa, ya miƙa mata madubin. Ta duba. Katanga ce fa, jar ƙasa zalla.

"Wannan ka yi ta kallo har mako uku?"

"Ita," ya ce. "Ai na san wadda ke bayanta."

Allah ya bar su tare, ya albarkaci gidansu.