Iro da Sunan Aro

"Hwaɗa mini gaskiya, Iro. Ni kaka so, ko rawanin Baba?"

Iro ya saki gugan da yake jawo mini, ya faɗa rijiya tsundum.

"Zinariya... wa ya zuba miki wagga magana?"

Na kau da kai. Ni dama haka nake, in zargi ya shige ni ko tuwo ba ya wuce mini.

Shekara tara ke nan da kumandan, Nasaran da ke mulkin yankinmu, ya aiko gardi, ɗan sandansa, ƙauyenmu da ke gabas da Galma, ya ce kowane maigari ya ba da ɗansa a kai lakwal, makarantar Nasara. Babana, Maigari Alƙasim, ya rantse yayana Manzo ba zai zauna gaban Nasara ba. Sai aka kamo Iro ɗan Tsoho, maƙerin gidanmu, aka zura masa sabuwar riga, aka ce duk wanda ya tambaye shi ya ce shi ne Manzo ɗan Alƙasim. A lokacin kowa gani yake an jefar da yaron ne.

Ga shi yanzu ya dawo da kaki a jiki da Faransanci a baki, an kuma zaɓe shi zuwa babbar lakwal ta Yamai. Manzo na gaskiya kuwa ko takardar da aka aiko wa Baba sai ya riƙe ta a juye.

Manzo ne ya raɗa mini: "Ga takardar Nasara shi na magajin Baba. In ya same ki, mi ya rage mai? Ɗan maƙeri bisa karagarmu!"

Nan bakin rijiyar Iro ya matso.

"Abar ƙaunata, tun muna wasan ƙasa nika sonki. Sunan ga shi na ƙaya gare ni! Ran da na kai ki Yamai, mi za ni ce ke ta? Ƙanwata ko matata?"

"To, ka aje sunan mana."

"Kin san abin da za ni rasa? Gurbin ga na ɗiyan sarakai na. Ba su ba ɗan maƙeri."

"Na dai san abin da ba ka son rasawa," na ce, na ɗauki tuluna rabi na wuce.

Kwana uku bayan haka aka ga Iro ya kama hanyar biro, ofishin kumandan, tun da hantsi. Gidanmu ya rikice. Manzo yana ta zarya yana cewa, "Ya tahi ya sai da mu! Yau za a tuɓe Baba!" Ni ma na yarda, wallahi na yarda. Har na tsinke warwaron da Iro ya ƙera mini na jefa bayan rumbu.

Da la'asar gardi ya iso. Baba ya fito da rawaninsa a karkace.

Gardi ya ce, "Maigari, an cuce ka. Ɗan maƙerinka ya amsa da bakinai cewa shi ya saci sunan ɗanka a hanya, kai ba ka sani ba. An kore shi daga lakwal. Wata shida za shi yi ga aikin hanya."

Baba ya juya. Ya koma zaure, ranar bai ci abinci ba.

Ni kuwa na durƙusa bayan rumbu ina tonon ƙasa da farce ina kuka. Kaicona! Mutum ya ajiye shekara tara saboda ni, ya rufa wa ubana asiri, ni ina nan ina kiransa ɓarawon rawani.

Sai bayan kaka ya dawo, ya rame, tafin hannunsa duk ya tsattsage. Na same shi a maƙera yana yi wa babansa zuga.

"Iro... ka gahwarce ni."

Ya dubi warwaron da na ɗaure da zare a hannuna, ya yi ɗan murmushi.

"Yanzu kin yarda?"

"Na yarda, masoyina. Amma da tsada na sa ka saye ta."

"Bari kuka. Karatun na nan cikin kaina, ba su iya amshe shi ba."

Dangi sun yi ta tsegumi, wai ɗiyar maigari a gidan maƙera. Baba bai saurari kowa ba. Ranar ɗaurin aure da liman ya tambayi sunan ango, kafin waliyyi ya buɗe baki Baba ya ɗaga murya har na bayan dangi suka ji: "Iro ɗan Tsoho!"

Muna zaune lafiya, yana koya wa yaran maƙera karatu da gawayi a jikin bango. Amma duk ƙarshen damina, in motar da ke kwasar 'yan lakwal zuwa Yamai ta bi ta hanyar da ya fasa wa duwatsu, sai in ji gudumarsa ta tsaya. Ba ta ci gaba sai ƙarar motar ta ɓace. Ban taɓa tambayarsa ba, kuma ba zan tambaya ba.